Hoton Lidiya a Cikin Kati

In ka shiga ɗakin wanda ya yi aure tsakanin Yargoje da Ketare a shekarun baya, ka ga hoto a bango, to Ɗanlahadi ne ya ɗauka. Kyamararsa ta farko mai fim ce, baƙa, da nauyi kamar dutsen niƙa. Ba ka ganin aikinka sai an kai Funtuwa an wanke. In amarya ta runtse ido, shi ke nan, haka za ta zauna a bango.

Abokin sana'arsa Ɗanliti ne ya hana shi sakat. "Haba Ɗanlahadi, wa ke fim yanzu? Mai kati nan take za ka ga hoto, wanda bai yi ba ka goge." Ya saya, kuma gaskiya ya ji daɗinta, ba nauyi, ba jira.

To masu hoto suna da wani mugun hali: na mutane ake wankewa, na gida sai wata rana. Ran Kirsimeti Ɗanlahadi ya ɗauki matarsa Lidiya hoto a gindin rumbu, tana dariya, tana cewa ya bari ta gyara ɗankwali. Kafin ruwan fari ta rasu. Mutumin da ya cika bangon jama'a da hotuna, ba shi da nata ko guda a takarda! Kullum da la'asar sai ya kunna kyamara ya kalle ta. Ɗanliti ya sha zama gefensa yana gani.

Aka tashi biki a Damari, kyamarar Ɗanliti ta lalace, ya zo aro.

"Katin ke nan guda, Lidiya na ciki," in ji Ɗanlahadi.

"Na sani mana, sai ka ce wani baƙo."

Da kyamara ta dawo, Ɗanlahadi ya latsa, amarya. Ya sake latsawa, ƙawayen amarya. Ya kai ƙarshe, babu Lidiya.

"Kati ya cika ana tsakiyar kamu, na share na baya," in ji Ɗanliti, ko kunya babu. "In bar amarya tsaye? Ai ka san kamannin matarka."

Wallahi wannan maganar ta fi gogewar ciwo. Ɗanlahadi bai zage shi ba, amma ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Yau in ka tambaye shi wace kyamara ta fi, ba ya dogon bayani.

"Mai fim," zai ce. "Ita ko abokinka ka ara wa, ba zai iya goge maka mata ba."