Kunnen Kakana

Ɗazu da hantsi jikata ta saki murfin langa a kan siminti. Kowa a gidan ya zabura, ni kuwa kafin ƙarar ta mutu bakina ya riga ni, na ce, "Ƙarfe ne zalla, ko ɗigon azurfa babu." Suka dube ni kamar na fara ruɗewar tsufa. Ban ruɗe ba. Aikin da aka ɗora mini ne tun ina yawo da bante.

Ka yi haƙuri da rubutuna, mai karatu. Boko da gemuna na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, karatun allo kuwa a tsakiya aka tsinke mini shi. Wanda ya tsinke shi, Allah ya jiƙansa, kakana ne na wajen uba, kuma ƙararsa na kawo maka.

Sana'ar kakana duban kuɗi. Ran Alhamis tun da sassafe za a ɗora shi a kan jaki daga ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari. Can gindin wata tsamiya zai shimfiɗa buzunsa, ya ajiye wani baƙin dutse mai faɗi kamar tafin hannu biyu. Ƙasarmu rairayi ce, dutse baƙo ne a cikinta, saboda haka dutsen nan ya fi wasunmu daraja a gida.

Lokacin wuri yana ja da baya, kuɗin ƙarfe sun shigo, mutane ba su gama sanin kansu ba. Ga sulen Bature na azurfa, ga sisi da taro, ga tamma da 'yan Damagaram ke saukowa da ita, ga kuma babbansu, liyari, mai hoton wata mata mai ƙiba. 'Yan jabu suka samu gona. Wani ya narka darma ya zuba, ya wanke da ruwan tsamiya ta yi ta walƙiya. Wani ya bi gefen na kirki da magagari ya ɗebe gari. Wani ya huda, ya ƙwaƙule, ya toshe. Duk wanda ya sayar da akuya sai ya biyo ta wurin kakana. Ya shafa da babban yatsa, ya bi gefen da farce, ya shinshina, sannan ya saki a kan dutse. Yakan ce azurfa kuka take, ta ja shi har ka gaji, darma kuwa tari ɗaya take ta yi shiru. Ladansa goro.

Shekarar da na yi famfara aka fara haɗa ni da shi, wai in riƙe jaki. Ban daɗe ba na lura da wani abu. Duk kuɗin da ya faɗi a kan dutsen nan, kakana sai ya girgiza kai ya ce, "Gawa." Ni ina jin sule yana kuka har cikin haƙorana, shi yana cewa gawa. A gida kuma ga mita: zakarun zamani sun daina cara, ladan ya zama malalaci, ba ya ɗaga murya, kowa magana yake ciki-ciki kamar mara gaskiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba wanda ya taɓa musa masa. Mutum zai karɓi kuɗinsa, ya yi godiya, ya ajiye goro, sannan ya zagaya bayan tsamiya wurin wani mai goro. Shi kuma ya buga kuɗin a hankali a kan ruwan gatari, ya ce, "Lafiyarsa lau, je ka."

Na kai wa kakata labari tana kaɗi. Ko mazarinta ba ta tsayar ba.

"Angona, sai yanzu ka gani? Kasuwa duk ta sani, ƙauye ya sani, jakin ma ya sani. Shi kaɗai ne bai sani ba."

"To, a gaya masa mana."

"Wa zai gaya masa? Ubanka? Kama bakinka, ko in fasa auren."

Na kama. Ka ga gari guda na manya masu rawani da tasbaha sun haɗa baki suna sayen ƙarya da goronsu, don kada ran tsoho ɗaya ya ɓaci. Kuma tsarin yana tafiya daidai, muddin kai ɗan gari ne.

Sai wata bazara mai zafi, irin wadda rairayi ke gasa ƙafar jaki, wata Bafillatana ta zo da goyo a bayanta. Daga can arewa take, ba ta san kowa ba, an dai ce mata ta nemi tsohon gindin tsamiya. Ta durƙusa ta kwance wani tsumma da ƙulli a kan ƙulli. 'Yan liyari ne na gadon uwarta. Saniyar da suke sha ta faɗi, tana so ta canza su ta sayi karsana kafin ruwa ya sauka. Ba ta da wani abu bayansu.

Kakana ya saki na farko. Wallahi ban taɓa jin kuka mai tsabta irin wannan ba. Ya ce, "Gawa." Na biyu ma gawa. Har ya gama.

"Baffa," in ji ta, "innata ba ta taɓa riƙe darma ba."

"An cuci innarki, 'yar Fulani. Haƙuri za ki yi."

Akwai wani maƙerin fari, mai ƙera kayan azurfa, da ke tsugune kusa, wanda ya san komai sarai. Ya matso da murya mai taushi, wai tausayi ya kama shi, zai karɓi darmar ya ba ta gero kwano biyu ta kai wa yara. Mai goro yana can bayan tsamiya yana ta tari, yana ƙifta ido, yana yafuce. Ita ina ta san yaren? Ta ɗauka mura ke damunsa. Sauran manya kowa ya sunkuya yana nazarin takalminsa. Ta share ido da bakin mayafi, ta fara tura tsumman gaban maƙerin.

Na matsa kusa da kunnen kakana na ce a hankali, "Kaka, na kirki ne." Ko motsi. Na ƙara. Ya kore ni kamar ƙuda. To, kai ka faɗa mini, yaya ake yi wa kurma raɗa? Na cika ƙirji na kurma ihu:

"Kaka, azurfa ce! Kunnenka ne ba ya ji!"

Har 'yan kara, can inda ake cinikin shanu, sai da suka waiwayo.

Kakana ya daɗe yana dubana. Sannan ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya ɗauki liyari, ya bi gefensa da farce, ya auna shi a tafin hannu, ya goga a jikin dutse ya dubi zanen a rana. Haka ya yi wa kowanne, ba gaggawa. Sai ya ƙulle tsumman da kansa ya danƙa mata.

"Azurfa ce, ta fi ta Bature. Kada ki sayar wa mai tsugune. Ki je rumfar fatake, ki ce ni na aiko ki." Ya juya ga jama'a, ya gyara rawani. "Gwada yaron nake. Ya ci."

"Haka ne, Baba!" in ji su baki ɗaya. "Mu ma mun gane gwaji ne."

Har maƙerin ya gane, wai.

Ina tsammanin bulala a gida. Da ma ita aka ba ni, da kwana biyu ta warke. Kakana ya kira babana ya ce daga yau yaron nan gefensa zai zauna. Babana ya ce karatu fa? Kakana ya ce allo ba ƙafa gare shi ba. Za ka ce ai Alhamis ba a karatu. Ni ma haka na ce. Amma da sunan tsohon ya dawo, sai ya ga Maigatari ta yi masa kaɗan. Muka shiga bin kasuwanni, yau Gumel, gobe Gagarawa, jibi Ɗanzomo, ni a ƙasa, shi a kan jaki.

Ga yadda aikin yake. Ina zaune gwiwata na taɓa tasa. Ya saki kuɗi, in ya yi kuka in taka masa yatsa a ƙarƙashin riga, shi kuma ya lumshe ido, ya karkata kai kamar mai sauraro, ya ce, "Da ransa." Kowa na ganin ƙafata, kowa na cewa kunnen Baba sai shi. Goro nasa, yabo nasa. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini ya kurumce ba, ni ma ban sake faɗa ba. Sa'o'ina suka sauke, aka yanka musu rago, ni ina can ina taka yatsa.

A hankali Bature ya janye azurfarsa, ya zubo wani sule ja-ja mai kama da tagulla. Ranar da na farko ya zo hannunmu, kakana ya saki, ya jira ƙafata. Ban san abin da zan taka ba. Ba kukan azurfa ba ne, ba tarin darma ba, ga shi kuma an ce da shi za a biya haraji.

"Me ya ce?" ya tambaye ni, karon farko a gaban mutane.

Na yi ihu na ce, "Bai ce komai ba!"

Ya jinjina kai, ya naɗe buzunsa. "To, kwance jaki."

Yanzu kuɗi takarda ne. Yara na ɗaga shi sama suna leƙen rana ta cikinsa, in ya faɗi ƙasa ko kaza ba ta firgita. Ni kuwa ga ni da kunnen da ya fi na kowa a ƙasar Gumel, an sayo mini shi da rabin karatuna, kuma tun ban yi gemu ba aka daina yin kuɗin da ake saurara da shi.