Gunvor, Ko Yanzu Kin Riga Ni

Ranar Talata, tara ga watan Yuni, mijinki Halvar ya bugo mini waya ya ce kin rasu da hantsi, kina cikin ɗaura takalmin fita daji. Na yi kuka, Gunvor. Amma ina share hawaye, abin da ya faɗo mini a rai shi ne, to wa zai nuna mana wurin furen da kika ɓoye?

Shekara da shekaru muna tare a ƙungiyar masu sa ido kan furannin daji ta gundumar Jämtland, kishinki bai taɓa bari na sha kofi da daɗi ba. Na yi ta rarrafe a fadamu har gwiwoyina suka gaji, ke kuwa yawo kawai kika fita da karenki Ruffa, kika ci karo da brunkulla, jan furen nan mai duhu da ƙamshi, wanda aka daɗe da fid da rai da shi a gundumarmu. Sunanki ya shiga rajista. Wurin kuwa kika ɓoye saboda masu haƙewa.

Na ce, "Haba Gunvor, har ni?"

Kika ce, "Kai ne ma na farko, Torsten. Bakinka kamar rariya. Ungo burodi, ka yi shiru."

Shekarar da matata ta kwanta jinya, ke kika zagaye fadamuna kika shigar da ƙidayar furannin da sunana. Na gode, amma har wannan ya ba ni haushi, don kin gano abin da ban taɓa gani ba.

Furen nan ba ya rayuwa sai an yanke ciyawar da ke kewaye da shi bayan ya zubar da iri. Ke kaɗai kike yi, kuma na tsorata zai bi ki.

Bayan jana'iza Halvar ya miƙo mini igiyar Ruffa. "Ta ce in ta riga ka, kai za ka riƙe shi. Ka bar shi ya yi gaba."

Ruffa ya ja ni har bayan tsohon rumbun ciyawar mahaifina, ya kwanta. Ga furannin brunkulla nan sun buɗe, a gonarmu ta gado, inda nake wucewa kullum ina hangen nesa. Laujenki na rataye a bangon rumbun, na riga na wasa shi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba Halvar da 'yarku Solvei haƙurin rashi. In akwai furanni a can, don Allah ki rage mini ko ɗaya in gano da kaina.