Inna Mai Fure, Wadda Ta Hana Mu Tsinka

Da hantsi za ka same ta a filin bayan layinmu, da safar roba a hannu, tana ban-ruwa tana yi wa awakin mutane faɗa ta saman shinge. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Inna Mai Fure muke ce mata, amma ban taɓa ganin marowaciyar fure irinta ba.

A filin nan marigayi mijinta ya yi sana'ar fasa tsofaffin batura. A nan kuma Autarsu ta yi rarrafe, tana kai ƙasa baki. Gubar dalmar baturan ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Yau ta girma, magana sai a hankali. Da wata ma'aikaciyar gwajin ƙasa ta ce wa Inna akwai furannin da ke zuƙe dalma kaɗan-kaɗan ta saiwa, tambaya ɗaya ta yi: "Ana cin su?" Aka ce a'a. Ta ce, "To, su zan shuka."

Ga abin da ya ɗaure mana kai. Da zarar fili ya yi rawaya da furanni, sai ta bi su ta tumɓuke har saiwa, ta ɗura a buhu, motar hukuma ta kwashe. Ba a yin taki da su, ba a ƙonawa, ba a ba dabba. Ni kaina na roƙe ta guda uku ranar auren ƙanwata.

"Ɗan nan, kyan nasu ne ya ruɗe ka," in ji ta. "Guba ce a cikinsu. Je ka sayi na roba."

Na yi fushi, Inna, yau na faɗa. Mai shagon kusa ya ce kin tsufa kin rikice. Mata sun so shuka alayyafo a gefe, kika tsaya a bakin shinge kika hana, wata guda ba su gaishe ki ba. Abin da ya fi yi miki ciwo, Auta ce. Kullum sai ta miƙa hannu, kullum sai ki riƙe hannun ki ce, "Ba yanzu ba, 'yar lele."

Ke ce mai haƙurin da ba mu gane ba. 'Ya'yanmu kike karewa, mu kuwa muna ta gunaguni.

Makon jiya mai gwajin ta dawo da takarda, ta fara karanto lambobi. Inna ta katse ta: "Ni dai yara za su iya zama a ƙasa?"

"A ɓangaren gabas, za su iya, Inna."

Inna ta cire safar, ta je gabas ɗin ta tsinko fure ɗaya da hannunta, ta saka wa Auta a ɗankwali.

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri. Jama'a, ɓangaren yamma na nan da gubarsa, gwiwoyinta kuma sun gaji. Akwai safa a rataye a jikin shinge.