Anti Sake da Kalmar "Share"

A ofis ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Sake suke ce mata, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ta yi shekaru tana buga takardu a shagon kwamfuta, daga nan ta koma amsa wayar masu ƙorafi har kunnenta na hagu ya soma yi mata ƙugi. Da wani kamfanin sayar da kaya ta waya ya ɗauke ta, sai aka ba ta tebur a lungu, jikin firinta, ƙarƙashin fankar da ke juyi ba iska.

Kamfanin yana da mataimaki na ƙirƙirarriyar basira da ke hira da masu saye yana yi musu hidima. Ma'aikata na ce masa Ɗan Aike. An ba shi kayan aiki a cikin kwamfuta: wannan na duba inda kaya suka kai, wancan na canza adireshi, wani na soke oda. Sai dai Ɗan Aike ba ya ganin kayan. Ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne yake karantawa, da shi yake zaɓar wanda zai ɗauka. Aikin Anti Sake shi ne auna bayanan nan. In ta yarda ta danna kore a saki, in ba ta yarda ba ta danna ja.

Daɗin rubutu bai dame ta ba. Takan miƙa wa Ɗan Aike bayanin, ta zauna tana rubuta masa magana irin ta mutanen da ta sha amsa wa waya, masu fushi, masu gaggawa, masu rabin zance, ta ga abin da zai aikata.

Ranar da za a saki sabon tsari, Dogo, wanda ke rubuta bayanan, ya turo mata na ƙarshe. Na soke oda ne, mai goge ta gaba ɗaya ba dawowa. Ya rubuta: "Yana share buƙatar mai saye idan ya ce a share."

Ta zama mai saye. Ta rubuta, "Kayana sun makara." Ɗan Aike ya ba da haƙuri, ya tambaya ko ya shigar mata da ƙorafi. Ta ce, "Kai, share kawai, zan jira." Nan take ya goge odar, har da yi mata godiya. Ta maimaita da wasu kalamai. Wani lokaci ya gane nufinta a bar zancen ne, wani lokaci ya goge. Ta danna ja.

Dogo ya taso da kofin shayinsa. "Haba Anti, layi ɗaya fa! Ko addu'a na rubuta sai kin ce sake."

"In addu'ar za ta cinye kayan mutane, sai ka sake. Sau nawa matarka ke ce maka share, kana sakinta ne?"

Ofis ya ɗauki dariya, har da Dogon. Ya ce gyaran ba wuya, a rubuta soke, a faɗa cewa ba ya dawowa, a sa Ɗan Aike ya tambayi mutum tukuna. Matsalar ita ce duk bayanin da aka taɓa sai an sake gwada tsarin baki ɗaya, kuma hakan ba zai ƙare a ranar ba.

Oga ya kira ta ofishinsa. Ya riga ya yi wa manya alkawarin za a saki tsarin yau.

"Anti, kullum yake gogewa?"

"Ba kullum ba, ranka ya daɗe."

"To! Ki danna kore, mako mai zuwa a gyara."

"Mako mai zuwa ba ya zuwa a gidan nan. Na ga irinsa."

Ya tuɓe gilashinsa ya murza ido. Ba mugu ba ne, shi ma akwai mai taka shi daga sama. Ya tuna mata a hankali cewa kwantiraginta ƙarshen watan nan zai ƙare, kuma shi ke sa hannu a sabuntawa.

Ta sani sarai. Ta san ciwon baya ya hana mijinta zaman keken ɗinki, ta san babbar 'yarta na shekarar ƙarshe a makarantar jinya. Ta tsaya tana jin ƙugin kunnenta.

"Oga, kai ma kana da kore a kwamfutarka. Yatsanka lafiya lau yake. In bayanin ya yi maka, danna, sunanka ya hau. Ni an ɗauke ni in faɗi abin da na gani, kuma na gani."

"Taurin kai ba ya cika tukunya, Anti."

"Ƙarya ma ba ta cika ta."

Ya dube ta, ya dubi allon, ya danna da kansa. Aka saki tsarin da yamma, aka yi tafi. Ita tana lungunta tana gwada bayanin canza adireshi, wanda shi ma bai gamsar da ita ba.

Ƙarshen wata ba a sabunta kwantiraginta ba. Dogo ya riƙo mata jaka har bakin titi yana ta sosa ƙeya. Ko kalmar ta cinye odar wani, ba ta ji ba, ba ta kuma tambaya ba.

A gida ta tarar da maigidan kwance a tabarma, matashi ƙarƙashin ƙugu. Ta gaya masa komai a tsaye, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yanzu a kan kalma ɗaya?" ya ce.

"A kan kalma ɗaya."

"Da aka ce ki danna, hannun ne ya ƙi ko zuciyar?"

"Duka biyun. Matsa in zauna, ƙafata ciwo take. Gobe zan koma wajen masu amsa waya in ji ko suna neman mai kunne ɗaya."