Alayyahu a Gindin Na'urar Awon Yanayi

Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare a Kalgo, wasu ma'aikata suka zo suka kafa mana na'urar awon yanayi a bayan ajujuwa. Dogon ƙarfe ne, a samansa wasu kofuna na juyawa in iska ta kaɗa, a gefe kuma ga mazurari mai auna ruwan sama. Suka kewaye ta da waya, suka ce ita da kanta za ta riƙa aika abin da ta auna zuwa ofishinsu, don hasashen damina ya ƙara inganci. Da yake ni ke koyar da labarin ƙasa, ni aka damƙa wa makulli.

Akwai wata malamar lissafi 'yar Zuru, wadda awaki suka hana ta shuka komai a gidajen malamai. Ta leƙa cikin wayar nan, ta ga fili fetal ba akuya. Ta sami shugaban makaranta, shi kuma ya ce in ba ta makullin. Ta shuka alayyahu da tumatir. Kullum da safe sai ta jawo tiyo daga famfo, ta danne bakinsa da yatsa, tana feshi tana rera waƙar coci.

Tsakiyar rani, ana zafi kamar a mutu, injiniyansu ya kira ni.

"Malam, ruwa ake yi a Kalgo?"

Na ɗaga kai na dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu.

"Injiniya, mi kag gani?"

"Na'urarku ta ce kullum da safe sai an yi yayyafi, ban da Lahadi. Ta Gwandu kuwa ko ɗigo ba ta nuna ba."

Washegari ya iso da jakar kayan gyara, fuska a murtuke. Ya tarar da Malama tana aikinta, feshin yana sauka cikin mazurari. Ya tsaya yana kallo, can sai ya zauna kan bulo yana dariya har da hawaye.

Malama ba ta ga abin dariya ba. Ta ce, "To, ba ruwa ba ne? Abinku ya auna daidai mana."

Aka yi sulhu a kan za ta koma ban ruwa da bokiti, a tsugune, can nesa da ƙarfen. Injiniya ya tafi da damin alayyahu a bayan babur. Ita kuwa har ta bar makarantar tana cewa mu muka jawo mata ciwon baya.