Mai Duba Ƙeya

Faci nake yi a bakin tasha, kowa ta gabana yake wucewa. Wannan kuwa tun safe yana tsaye inda motocin babban birni ke sauke fasinja. Siriri ne, rigarsa a goge, tsinin almakashi ya leƙo daga jakarsa. Ba ya tambayar kowa komai. Duk namijin da ya sauko, sai ya bi ƙeyarsa da kallo.

Wayarsa na ƙara, yana ɗauka. "Yaya, na ji, akwai aiki. Haka ka ce wa Kawu, ga shi can yana gadi. Bari in gani da idona."

Ina jin mai aski ne, mai iyali, kuma in ya saki shagonsa na nan, gobe wani zai kama.

Ga wani mai kwat ya sauko, takalmi sai ƙyalli, amma layin askinsa a karkace. Mutumin ya raka shi da ido har ƙofa.

"Babban mutum kamar wannan, a rasa mai gyara masa kai?"

Ya juya wajen motar da ke lodi. "Direba, saura wurin mutum ɗaya?"