Ranar da Busata Ta Tara 'Yan Makoki

Shekarun baya, ina sakandare a Kafanchan, malamin band ɗinmu ya ba ni tarampet in tafi da shi hutu gida Madakiya. Sharaɗinsa ɗaya ne: in na dawo ban iya waƙar da ya ba ni ba, zai miƙa wa wani, ni in koma ɗaukar ganga. Waƙar jana'iza ce, mai tafiya a hankali, don a irinta ake gane mai dogon numfashi.

Lokacin kakata na kwance ba lafiya, duk unguwa an sani. Ni da ƙaramin tunanina, da safe na tsaya bayan ɗakinta na saki busa iya ƙarfina. Ban kai ƙarshen baiti ba sai ga matan zumuntar cocinmu da gudu, hannu a ka, suna ihu, "Wayyo Yesu, Kaka ya tafi!" Suka tarar da ita zaune tana shan kunun acca. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Babana ya ce kada ya sake jin ƙarfen nan a gidansa. Na ji kamar in yi kuka. Sai Kaka ta ce masa, "Bar yaro. Waƙana ne, gara in ji shi da kunnena. Amma kai, kana yanka shi kamar nama."

Daga ranar, kullum da yamma a ƙofar ɗakinta nake zama. Ta rera layi ɗaya, in busa shi a hankali, ba ihu. Inda ta ja numfashi, nan zan ja nawa. In na karya, ta buga sanda a ƙasa mu koma wurin, ba farkon waƙa ba. Leɓena ya kumbura, amma ba ta ɗaga mini ƙafa ba.

Da muka koma makaranta na busa a gaban kowa, har ƙarshe ban karya ba. Malam ya ce, "Wa ya koya maka numfashi?" Ya bar mini tarampet, ya kuma sa ni a sahun gaba ranar fareti. Ranar ko sarki bai kai ni taƙama ba.

Har yau in zan koyi sabuwar waƙa, sai na rera ta da baki kafin in ɗauki ƙarfe. Kaka kuwa ta warke sarai, ta bi coci tana gaya wa kowa cewa ita ta koyar da ni, kuma gaskiyarta ce.